Daga dam ɗin Jibiya zuwa tafkin Madarunfa: Tsuntsayen da ba ruwansu da iyaka

Idan aka ambaci Jibiya, abin da ke zuwa wa mutane a rai shi ne shingayen jami'an kwastam, da manyan motocin da ke jiran tsallakawa Nijar, sai kuma labaran 'yan bindiga. Ba kasafai ake tuna cewa a gefen garin akwai ruwan da ke tara tsuntsaye iri-iri ba.

Dam ɗin Jibiya, wanda aka gina a kan kogin Gada a ƙarshen shekarun 1980, na iya riƙe ruwa kimanin mita kubik miliyan 142, kuma tsawon bangonsa ya haura kilomita uku da rabi. Don noman rani da ruwan sha aka yi shi. Tsuntsaye dai ba su cikin lissafi, amma sun zo.

Wanda ya yi sammako ya bi bakin ruwan a ƙafa zai tarar da balbela na bin shanun da aka kawo shan ruwa, zalɓe kuma ya ƙame a gaɓa yana dakon kifi kamar an dasa shi. Da yamma ake jin fito irin na kirinjijiya, agwagwar nan mai farar fuska da ke tashi garke-garke. Lokacin da ya fi daɗin kallo shi ne na hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, domin a sannan ne ake tarar da baƙin tsuntsayen da suka ratso Sahara daga Turai suka sauka a ruwayen yankin Sahel. Wasunsu ba su kai girman kurciya ba, amma sun yi tafiyar dubban kilomitoci.

Ita shamuwa tata tafiyar daban ce. Tana zuwa ne gab da faɗuwar damina, ta yi sheƙa a bishiyoyin cikin gari, ta ƙyanƙyashe, sannan ta nufi kudancin Afirka idan ruwa ya ɗauke. Shi ya sa manomi ke fara gyaran gona da ya hango ta.

Akwai wanda mai kallo bai kamata ya sa rai da shi ba: gauraka. Tsuntsun da ake ɗauka a matsayin na ƙasa a Najeriya ya kusa ɓacewa daga dazuzzukanta, saboda kamun da ake yi masa don kiwo a gidajen masu hali da kuma ƙafewar fadamu.

Ruwa ɗaya, ƙasa biyu

Kogin Gada bai tsaya a Jibiya ba. Da ya tsallaka iyaka sai sunansa ya koma Gulbin Maraɗi, kuma a kwarinsa ne tafkin Madarunfa yake, kudu da birnin Maraɗi. Matafiyi kan bi ta Magama, ya wuce Ɗan Isa, kafin ya ratse zuwa can.

An san Madarunfa da kaburburan waliyyai 99 da ake cewa suna kewaye da tafkin, inda jama'a ke zuwa ziyara. A 2019 tafkin ya shiga jerin wuraren Ramsar, wato yarjejeniyar kare dausayi da aka ƙulla a ƙasar Iran a 1971. Dam ɗin Jibiya ba shi cikin wannan jeri. A Arewacin Najeriya, dausayin Haɗejiya da Nguru ne ya yi fice a wannan fanni.

A nan batun ya wuce na yawon buɗe ido. Yadda ake riƙe ruwa ko sakinsa a Jibiya na shafar abin da ke isa ga fadamun Maraɗi, kuma manoman can sun daɗe suna kukan cewa gulbin ba ya malala kamar da. Tun 1990 ƙasashen biyu suka sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwan kogunan da suka haɗa su, har da wannan. Idan fadama ta bushe, mai lambu da masunci ne ke fara ji a jika, tsuntsu kuwa sai ya sauya masauki kawai.

Mutane ba su da wannan sauƙin. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 an rufe iyakar, ba a buɗe ba sai a Maris na 2024. A tsakanin nan baƙin tsuntsayen hunturu sun zo, sun yi ta zirga-zirga tsakanin ruwayen biyu.

Mai niyyar zuwa ya fara tambayar mutanen gari halin tsaro, kada ya yi nisa shi kaɗai, kuma kada ya kai magariba. Masunta sun fi kowa sanin inda tsuntsaye ke sauka. Wanda zai tsallaka Madarunfa ya riƙe takardun tafiyarsa, sannan ya ɓoye kyamara da madubin hangen nesa a kusa da shingen jami'an tsaro, don ba su son ganin an auna su.