Baƙin Keke A Kan Hanyar Gallabat

Duk wanda ya zauna a Gadarif kafin shekarar 2023 zai tuna da su. Da zarar damina ta ɗauke, an gama yankan riɗi, sanyi ya kama, sai a fara ganinsu ɗaya bayan ɗaya suna shigowa gari ta hanyar Madani, kowa a kan kekensa, jakunkuna huɗu rataye gaba da baya, fuska ta ƙone, ƙura ta yi musu buɗu-buɗu. Yara su bi su a guje suna "Khawaja! Khawaja!" Galibinsu daga Alƙahira suka taso za su Kef Tawun, can ƙarshen Afirka ta Kudu, tafiyar da ta haura kilomita 10,000. Wani mutumin Sikotilan mai suna Mark Beaumont ya gama ta cikin kwana 41 da 'yan sa'o'i a 2015, amma wannan tsere yake yi. Waɗanda muka saba gani sukan yi wata shida ko fiye.

Ɗaya daga cikinsu ya kwana biyu a harabar makarantarmu, saboda zazzaɓi ya kama shi, kuma daga bakinsa muka ji yadda yininsu yake, da ɗan Larabcinsa da ɗan Turancinmu.

Kafin kiran asalatu ya tashi. Abu na farko shi ne ya kakkaɓe takalmansa, don kunama na son ɗumin takalmi. Sai ya naɗe tanti, ya ci burodi da dabino, ya hau. Sa'o'in safe su ne jarinsa, domin daga hantsi rana takan fara duka, iskar arewa kuma ta taso. Wannan iska abokiyarsa ce tun daga Wadi Halfa har Madani, tana tura shi daga baya. Amma da ya juya gabas ya nufo mu, sai ta koma dukan sa a kafaɗar hagu, ga kuma manyan motocin da ke zuwa Bur Sudan suna wucewa dab da shi a kan kwaltar da ba ta da faɗi. Daga Khartum zuwa nan kilomita 400 ne da ɗoriya, kuma kwana huɗu ya yi. In rana ta take, sai ya nemi rumfar direbobi ya ci ful, ya sha shayi, ya miƙe a kan angarib har la'asar.

Mun tambaye shi abin da ya fi damunsa, muna zaton zai ce kura ko ɓarayi. Sai ya ce ruwa da ƙaya. Kowace lita ɗaya nauyinta kilo ɗaya ne, kuma a cikin wadda zai ɗauka zai sha, ya dafa abinci, ya goge jikinsa. In ya ɗauki da yawa keke ya yi nauyi, in ya rage ya kwana da ƙishirwa. Ƙaya kuwa, duk wanda ya taɓa tura keke a gonakinmu ba ya bukatar bayani. Ya ce akwai ranar da ya yi faci sau uku kafin azahar.

Batun wurin kwana shi ne ya fi ba mu mamaki. Saura kamar sa'a guda rana ta faɗi yake fara dube-dube. Sai ya jira hanya ta yi tsit, babu mota gaba babu baya, sannan ya sauka daga kwalta ya tura keken ya yi nisa, bayan wani kurmi ko tudu. Ba ya kunna tocila sai a cikin tanti. Yana da ɗan risho mai amfani da fetur, a kansa yake dafa taliya ko adas. Ƙasarmu ta Gadarif ta ba shi wahala, in ji shi, domin baƙar lakar nan da ke ba mu dawa da riɗi takan tsattsage da rani, ramuka ko'ina, ga kututturen kara, babu inda mutum zai shimfiɗa bayansa. Da damina kuwa ko taku goma keke ba zai yi ba laka ta cika ƙafafunsa, shi ya sa ba a ganinsu sai daga Nuwamba zuwa Maris.

To, a nan ne muke ganin sunan da suke ba tafiyar tasu, wai tafiyar mutum shi kaɗai, bai cika daidai ba. Ruwan da ya sha daga Madani zuwa nan, rabinsa daga randunan sabil ne, waɗanda bayin Allah ke ajiyewa a bakin hanya. Sau da yawa mai shayi ya ƙi karɓar kuɗinsa. Duk ɓuyan da yake yi, ya ce da wuya gari ya waye bai ga makiyayi tsaye a kansa da ƙwaryar nono ba. Ko kuɗin da ke jikinsa tsaba ne ɗaure a ɗamara, don katin bankinsa ba ya aiki a ƙasar nan saboda takunkumin da Amurka ta sa daga 1997 zuwa 2017. Da mutanen hanya sun so cutar da shi, babu abin da zai hana.

Ranar da zai tafi, wani dattijon unguwarmu ya zo ya daɗe yana duban keken. Da aka fassara masa labarin, sai ya ce, "Ustaz, gaya masa kakana ma haka ya zo, sai dai shi ba keke." Gaskiya ya faɗa. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya rasu, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'a zuwa gabas har suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Bayansu alhazai suka yi ta biyowa a ƙasa ta Barno da Wadai da Darfur, su kwana a gindin itace, su tsaya su yi ƙwadagon auduga a Jazira ko na dawa a nan, su tara guzurin tsallaka teku daga Sawakin. Da yawanmu jikokin waɗanda guzurin bai cika ba ne, ko ya cika suka dawo suka zauna. Abin kunya ne a gare mu malamai, yaran ajinmu sun iya zana taswirar Turai amma ba su iya nuna wannan hanya ba.

Kuma namu ba su daina ba. Aliyu Abdullahi Bala ya bar Jos a kan keke a 2021, ya ratso Sudan, ya isa Makka a ƙarshen 2022. Amma Mamadou Safayou Barry, ɗan ƙasar Gini da ya nufi Jami'ar Azhar a kan keke a 2023, a Chadi tafiyarsa ta tsaya. Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu na shekarar ya rufe hanya, sai da mutanen kirki suka haɗa masa kuɗin jirgi zuwa Alƙahira.

Baƙon namu ya bar mu da asuba ya nufi Doka, yana fatan kaiwa Gallabat washegari, kilomita 150 da 'yan kai, daga nan sai duwatsun Habasha. Ya bar mana robar faci guda biyu da hoton mahaifiyarsa da ya manta a cikin littafin rajista. A watan Disamba na 2023, da Madani ta faɗi, a daidai inda ya kafa tantinsa iyali uku suka ɗaura zannuwa suka zauna, kuma a ƙasa wasunsu suka yi rabin hanyar.