Guga da Ƙugiya: Yadda Masuntan Tarawut Ke Zaɓen Nauyi

Duk wanda ya taɓa jan ruwa a rijiya ya san halin sabon guga. Ka zura shi har ƙasa, sai ya kwanta a kan ruwa yana lilo, ya ƙi nutsewa. Maganinsa a ɗaura masa ɗan dutse ko guntun ƙarfe a gefe guda, da ya taɓa ruwa ya kife ya cika. In kuma aka zarce aka ɗaura masa ƙaton dutse, sai ya faɗa can ƙasa ya tayar da laka, ruwan ya gurɓace, hannu ya gaji. Irin wannan lissafin masu fatsar kifin tarawut ke yi a bakin kogunan Turai da Amurka.

Tarawut kifin ruwan sanyi ne, kuma yawancin abincinsa ƙananan ƙwari ne da ba su yi fiffike ba tukuna, waɗanda ke rayuwa a ƙarƙashin duwatsun kogi, wasu shekara guda, wasu biyu. Masunta na kwaikwayon waɗannan ƙwari da gashin tsuntsu da zare, su naɗa a jikin ƙugiya. Sai dai gashi ba ya nutsewa da sauri, kifin kuwa yana can ƙasa. Dalilinsa shi ne ruwan da ke gogar duwatsun gindin kogi ya fi na sama tafiya a hankali, don haka a nan yake laɓewa ya huta. Halinsa halin dattijon da ke zaune a dakalin ƙofar gida ne, yana jiran 'yan talla su gifta. Wadda ta bi ta gabansa a natse ita ke ciniki. Wadda ta bi ta bayan layi, ko da ƙosanta ya fi na kowa daɗi, haka za ta koma gida da shi.

Mutumin da ya yi fice wajen ɗaura wa wannan guga dutse shi ne Frank Sawyer, wanda ya yi aikin kula da Kogin Avon a Wiltshire ta ƙasar Ingila. Ya ajiye zare, ya ɗauki siririyar wayar jan ƙarfe ya naɗe gashin wutsiyar fezan, wani tsuntsu dangin fakara. Wayar ta zama ita ce zare, ita ce nauyi. Ya bayyana dabarun nasa a littafin da ya fitar a 1958, kuma har gobe ana ɗaura wannan ƙwaro nasa.

A yau an fi sa ɗan ƙwallon ƙarfe a kan ƙugiyar. Akwai na tagulla, akwai na tangistin, wanda nauyinsa ya ninka na tagulla fiye da sau biyu alhali girmansu ɗaya. Yawanci faɗin ƙwallon daga milimita 2 ne zuwa 4, wato daga ƙwayar gero zuwa ƙwayar dawa. Da can dalma ake naɗawa, amma saboda gubarta wurare irin su gandun Yellowstone na Amurka sun hana amfani da ita wajen fatsa.

Rijiya ke faɗa wa mutum tsawon igiyar da zai saya, haka kogi ke faɗa wa masunci nauyin da zai ɗaura. Inda ruwa ke da zurfi yana gudu, tangistin mai girma ake so, don ƙwaron ya kai ƙasa kafin ruwa ya wuce da shi gaban kifin. Inda ruwa ya janye ya yi garau, ƙwallo mai nauyi zai faɗa da ƙara ya watsa kifaye. A nan ne karin maganar nan ke tabbata: kifi na ganinka mai jar koma. Tagulla ƙarama ko wayar Sawyer ta wadatar.

Siffa ma na da nata rabo. Jefa tsumma da allura cikin randa ka ga wanda zai riga kaiwa ƙasa. Ƙwaro mai yawan gashi yana jinkiri, shi ya sa masuntan Sifaniya suka fito da wanda suke kira perdigon, siriri sumul, an shafe shi da ƙaro mai tauri, yana yanka ruwa kai tsaye. Igiya siririya ita ma tana barin ƙwaron ya sauka da wuri.

Gwajin kuwa a hannu yake, kamar yadda mai jan ruwa ke jin guga ya cika ba tare da ya leƙa ba. In ka yi jifa da yawa ba ka ji ƙugiya ta taɓa dutse ko sau ɗaya ba, ƙara nauyi. In kowane jifa sai ta maƙale ko ta kwaso gansakuka, rage. In tana ɗan taɓa ƙasa jefi-jefi tana wucewa, ka dace.

Abin da ke ba ni tausayi shi ne sabon masuncin da ke ɓata yini yana sauya launi, daga ja zuwa kore, alhali ƙwaronsa na yawo can sama da kan kifi. Ya kai mai koyo, fara da auna zurfin ruwan da saurinsa, ka daidaita nauyi, sannan ka waiwayi launi. Gugan da bai kai ga ruwa ba, komai kyansa, wayam zai fito.