Matsayin Jama'a Wajen Tsara Manufofin Hukuma: Misalin Kafin Hausa

Abin da ake nufi da shigar da jama'a cikin tsara manufofi shi ne hukuma ta nemi ra'ayin mutanen da wani shiri zai shafa tun kafin ta yanke shawara a kansa. Wannan kuwa hakki ne na talakawa, domin sashe na 14 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya wajabta a tabbatar da cewa jama'a suna da hannu a cikin sha'anin mulkinsu. Dalilin haka a fili yake, watau mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ƙasar Kafin Hausa, wadda ke cikin masarautar Haɗeja a Jihar Jigawa, ta isa misali. Wani reshe na kogin Haɗeja ya ratsa ta, kuma noman fadama da su da kiwon mutanenta duk sun dogara ga ruwansa. A shekarar 1974 aka gama gina madatsar ruwa ta Tiga, a 1992 kuma ta Challawa, dukansu can sama a ƙasar Kano. Madatsun sun amfani birnin Kano da manoman rani na Kadawa, amma sun sauya yadda ruwa ke sauka ƙasa. Ciyawar kacala ta yaɗu ta toshe hanyoyin ruwa, har ya zamana wasu gonaki sun nutse, wasu kuwa sun bushe. Manomi da masunci na wannan yanki sun san halin kogin fiye da kowa, amma aka tsara aikin a nesa da su.

An yi ƙoƙarin rage wannan tazara bayan da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991. A shekarar 2008 gwamnatin Sule Lamido ta kira Taron Talakawa a Dutse, inda masu ƙananan sana'o'i suka tsaya gaban manya suka faɗi matsalolinsu da bakinsu. Haka kuma a 2025 gwamnatin Umar Namadi, wanda shi kansa ɗan Kafin Hausa ne, ta gudanar da shirin Gwamnati da Jama'a, aka riƙa zuwa ƙananan hukumomi ɗaya bayan ɗaya ana sauraron mutane.

To, amma taro shi kaɗai bai wadatar ba, sai an cika sharuɗɗa uku. Na farko, a yi shi kafin a rubuta kasafin kuɗi, don abin da aka faɗa ya sami gurbi a ciki. Na biyu, a ba mata da makiyaya da mutanen ƙauyukan nesa dama, kada masu faɗa a ji su cinye zaman. Na uku, hukuma ta komo ta bayyana abin da ta karɓa da wanda ta bari, tare da dalili. Alal misali, a birnin Porto Alegre na ƙasar Barazil, tun 1989 aka soma barin mazauna unguwanni su zaɓi ayyukan da za a fara yi musu.

A taƙaice, ma'aunin shawara shi ne sakamakonta. Ranar da manomin Kafin Hausa ya ga an yashe hanyar ruwan da ya yi kuka a kanta, ranar ce zai gaskata cewa an ji maganarsa.