Haɓa, Ƙirji Ko Jikin Babur: Ina Ya Dace A Maƙala Kyamara?

Masu kallon bidiyon tafiye-tafiye a YouTube sun san Noraly Schoenmaker, 'yar ƙasar Holan da ake kira Itchy Boots, wadda ta ratsa Afirka ta Yamma har Najeriya ita kaɗai a kan babur. Mai kallonta yakan ji tamkar shi ke tuƙin: hanya na tahowa, hannaye biyu na riƙe da kan babur, in ta waiga hoton ya waiga. Sai wani ya sayi irin kyamararta sak, ya ɗaure a kan babur ɗinsa, ya dawo gida da bidiyon da ke karkarwa har ya sa jiri. Kyamarar ba ta da laifi. Ita a haɓar hular kwano take manna tata, shi kuwa ya ɗaure tasa a jikin ƙarfen da inji ke jijjigawa.

Waɗannan ƙananan kyamarori ba don babur aka fara yin su ba. Nick Woodman ya kafa kamfanin GoPro a Amurka a 2002, kuma kyamararsa ta farko, wadda ta fito a 2004, mai fim ce da masu wasan hawan igiyar teku ke ɗaurawa a wuyan hannu. Yau DJI da Insta360 na ƙasar Sin suna gogayya da shi, nauyin yawancin kyamarorin bai wuce giram 150 da 'yan kai ba, kuma tun 2016 GoPro ya sa wa nasa manhajar da ke daidaita hoto idan ya girgiza. Manhajar tana iya magance tangaɗin rami da gargada. Akwai wata girgizar da ta fi ƙarfinta.

Dalilin yana cikin yadda kyamarar ke ɗaukar hoto. Ba a lokaci guda take kama shi gaba ɗaya ba, layi-layi take karanta shi daga sama zuwa ƙasa cikin ƙiftawar ido. Idan jijjigar inji ta motsa ta a tsakiyar karatun, layin sama da na ƙasa ba za su daidaita ba, sai a ga turakun lantarki suna lanƙwashewa, gine-gine suna rawa. Injin silinda ɗaya ya fi kowane yin haka, kuma shi ne a Bajaj Boxer da Jincheng da Haojue da suka cika titunan Katsina da Maraɗi. Saboda haka kan babur, wurin da sabon shiga ya fi gaggawar zaɓa don yana da sauƙin ɗauri, yana cikin wuraren da suka fi ɓata hoto. Masu ɗaura waya a wurin su ma su yi hattara: a 2021 kamfanin Apple ya yi gargaɗi cewa jijjigar manyan babura na iya lalata na'urar daidaita hoto da ke cikin kyamarar iPhone.

Jikin ɗan Adam ya fi duk wata roba shanye jijjiga. Kafin ta taso daga inji ta bi cinya da gadon baya ta isa wuya, ta mutu, wuyan kuma yana riƙe kai daram kamar na mai ɗauke da tulu daga rafi. Shi ya sa masu wannan harka suka fi yarda da haɓa. Kyamarar tana kusa da tsayin ido, tana kallon duk inda mahayi ya kalla, ƙasan hoton yana nuna hannaye da agogon gudu, iska ba ta kama ta sosai domin tana tsakiyar hula. Ga kuma sauƙin zura wayar makirufo cikin hular, inda murya ke fita ba hugun iska. Sharaɗin ɗaya ne: sai hular kwano mai rufe fuska baki ɗaya. Mai buɗaɗɗiyar hula ba shi da inda zai manna. Akwai kuma ɗan aibu, domin kyamarar takan toshe kafar shan iska ta haɓa, kuma duk waigen da mahayi ya yi, ko duba madubi ne, mai kallo sai ya yi shi tare da shi.

Tsakar kai da gefen hula ba su kai haɓa ba. A tsakar kai hoton yana fitowa daga sama, ba a ganin babur, gudun kilomita 100 sai ya zama tamkar na 40, iska kuma tana jan kai baya har wuya ya ƙage a doguwar tafiya. A daji reshe na iya fizge ta. A gefe kuwa nauyi yana rinjayar ɓangare ɗaya, kuma gefen hular yakan cinye wani yanki na hoton.

Maganar da ta fi kyan hoto nauyi ita ce lafiyar kai. An yi hular kwano sumul da gangan, domin idan mahayi ya faɗi ta zame a kan kwalta maimakon ta kama wani abu ta murɗe wuya. Ƙa'idar Amurka ta ƙera hula ta hana duk wani abu mai tauri ya tsiro fiye da milimita 5 a bayanta, sabuwar ƙa'idar Turai mai lamba 22.06 kuma ta ƙara gwajin bugu a karkace, don auna yadda kai ke juyawa. Kyamara da mazauninta sun ninka milimita 5 sau da yawa. Muhawarar ta yi zafi bayan 29 ga Disamba 2013, ranar da zakaran tseren mota Michael Schumacher ya faɗi yana wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara a Faransa, kansa ya bugi dutse, hularsa mai ɗauke da kyamara ta tsage. An yi ta raɗe-raɗin cewa kyamarar ce ta raunana hular, zancen da ba a tabbatar ba, amma ya sa hukumomi suka fara sa ido. A jihar Victoria ta Ostireliya 'yan sanda sun ci wani mahayi tara a 2014 saboda kyamarar hula, sai a 2016 kotun sama ta soke hukuncin. Jihar Kerala ta Indiya kuwa ta hana abin ɗungurungum.

Wanda ya zaɓi hula duk da haka, kada ya kuskura ya huda ta da ƙusa ko noti. Mazauni mai gam shi ne daidai, irin wanda zai ɓalle idan an yi karo. A goge wurin tas, a danna sosai, a bar shi awa 24 kafin a hau, kamar yadda GoPro da kansa ya ba da shawara.

Ƙirji shi ne mafita ga wanda ba ya son taɓa hularsa, kuma a ƙasar Hausa hakan na da muhimmanci, domin hular kanta ba ta samu karɓuwa ba. Lokacin da hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya ta tilasta sa ta a Janairun 2009, wasu 'yan acaɓa ƙwarya suka kifa a ka, har labarin ya kai kafafen yaɗa labarai na duniya. Ɗamarar ƙirji tana ba da hoto mai natsuwa, hannaye biyu da kan babur suna ciki, kuma ba ya jujjuyawa da waige. Ta fi dacewa da babur da ake zama a miƙe. A babur ɗin tsere, inda mahayi ke kwanciya a kan tanki, abin da za a gani tanki ne kawai, idan kuma akwai dogon gilashi a gaba shi zai tare hanya. Faɗuwa rubda ciki da dunƙulen roba a ƙashin ƙirji ita ma ba wasa ba ce.

Jikin babur yana da amfaninsa idan an san inda za a nema. Kyamarar da aka ɗaura ƙasa-ƙasa a ƙarfen kariyar inji tana nuna gudu fiye da ko'ina, saboda kwalta na wucewa dab da ita, sai dai tsakuwa da taɓo su ma dab suke. Wadda aka ɗora a kariyar baya tana kallon baya ita ce ke kama motar da ta matso ta buge mutum. Kyamarorin da ke ɗaukar kowace kusurwa a lokaci guda akan sa su a kan sanda, manhaja ta goge sandar daga hoton, sai a ga mahayi kamar jirgi marar matuƙi na bin sa. Kyan abin ba ya hana sandar tsirowa gefe a cikin cunkoso. Duk inda aka zaɓa a jikin babur, gajeren mariƙi ya fi dogo, domin dogo yana ƙara jijjiga, kuma a ƙulla siririyar igiya ta biyu ko da na farkon ya saki.

Abin da ake son yi da bidiyon shi ke yanke hukunci. Mai neman shaida idan an yi haɗari, musamman mai kai saƙo da ke yini a titi, ya fi buƙatar kyamarar da ke zaune wuri ɗaya tana kallon gaba, wadda aka jona da batirin babur, mai goge tsohon bidiyo da kanta idan ma'ajiya ta cika. Mai son ba da labarin tafiya haɓa ce tasa. Yanayi ma yana da ta cewa: a zafin Afrilu kyamarar da aka ɓoye bayan gilashi, inda iska ba ta busa ta, takan yi zafi ta mutu da kanta, gam yakan yi laushi, ƙurar hunturu kuma tana rufe gilashin kyamarar da ke ƙasa cikin ɗan lokaci. A hanyoyin Sahel masu yawan shingen bincike, kyamarar haɓa ita jami'in tsaro ke fara gani yana fuskantar mahayi, kuma ɗaukar hoton soja ko bariki na iya jawo tsarewa da ƙwace kaya. Gogaggun matafiya sukan kashe ta tun daga nesa, wasu ma su cire ta su sa a aljihu kafin su isa shingen.