Dalilin da girgije ke haɗuwa ya watse a wuri guda

A ƙasashen Batsari da Safana, inda gonaki ke haɗe da Dajin Rugu, ana yawan ganin girgije ya tsaya cak a saman wani dutse ko daji da damina, ya jima bai gusa ba, can a neme shi a rasa. Ba iska ce ta kwashe shi ba. A nan ya samu, a nan kuma ya ƙare.

Asalin girgije tururin ruwa ne da ido ba ya gani. Daga wajen watan Mayu zuwa Satumba, iskar kudu maso yamma kan ɗauko wannan danshi daga Tekun Atlantika. Idan rana ta ɗaga, dutse da faƙo sukan riga daji da fadama ɗaukar zafi, sai iskar da ke kan dutsen da faƙon ta yi sauƙi ta tashi sama. Tana tashi tana hucewa, kusan digiri 1 a ma'aunin Salshiyas a kowace mita 100. Da ta kai tsayin da sanyi ya hana ta riƙe tururin, sai ya koma ƙananan ɗigon ruwa, yana maƙalewa jikin ƙura da hayaƙi. Shi ya sa gindin girgijen rana yake a shimfiɗe: duk a tsayi ɗaya ɗigon ke fara fitowa.

Tsayuwarsa wuri guda kuwa ruɗin ido ne. Iska tana ratsa shi ba tsayawa. Sabon ɗigo na samuwa ta inda take hawa, tsoho na bushewa ta inda take sauka tana ɗumama, kamar kumfar da ke zama bayan dutse a rafi alhali ruwan na wucewa. Tsaunin Tebur na Afirka ta Kudu, mai tsayin fiye da mita 1,000, ya yi suna da irin wannan girgije. Duwatsun yammacin Katsina ba su kai ko kusa ba, don haka sai iska ta jiƙe sosai, kamar da safiyar marka a watan Agusta, ake ganin farin girgije ya rufe kawunansu.

Watsewar ba ta da wuya. Rana ta yi sanyi, ko inuwar girgijen ta sanyaya ƙasar da ke ciyar da shi, ko busasshiyar iskar sama ta cinye gefensa, shi ke nan. Da hunturu ma ba ya samuwa sosai, domin iskar Sahara ba ta da danshi.

Manomi bai cika sa rai da irin wannan girgije ba, kuma yana da gaskiya, tunda sai ɗigonsa kusan miliyan 1 sun haɗu kafin a samu ɗigon ruwan sama guda. Hadarin da ke jiƙa gero da dawa a wannan yanki galibi daga gabas yake tasowa, da iska mai ƙarfi a gabansa.