ƊAKIN GWAJI YANA TSAKAR GIDANKU
Yadda ƴan kwalej na Rumbu za su yi bitar fizik da shimi

Ƴan uwa manoma da makiyaya na Rumbu, wannan magana taku ce, ku da ƴaƴanku da ke karatu a kwalej.

Bazara ta shigo. Nan da ƴan watanni yaran aji na huɗu, wato ajin ƙarshe na kwalej, za su zauna jarrabawar BEPC. Wanda ya ci zai wuce lise ko makarantar koyon sana'a. Wanda ya faɗi, ko ya maimaita aji, ko ya dawo gida. Kowa ya san abin da iyaye suka kashe kafin yaro ya kai nan: akuyar da aka kai kasuwar Sakabal, hatsin da aka aika wa mai masauki, da hannu guda da aka rasa a gona shekara da shekaru.

Cikin darussan da ke kayar da yara akwai fizik da shimi. Fizik shi ne sanin ƙarfi, da nauyi, da zafi, da haske, da lantarki. Shimi kuwa shi ne sanin abin da aka yi kowane abu da shi, da yadda abubuwa ke sakewa in sun gamu da juna.

Me ya sa suke da wuya? Dalili biyu ne. Na farko, yawancin kwalejojin karkara ba su da ɗakin gwaji, sai allo da alli. Na biyu, da Faransanci ake koyarwa. Yaro ya kwafe darasi, ya haddace shi tsaf, amma bai san abin da ake nufi ba. Ranar jarrabawa a ɗan juya tambaya, sai ya rasa gabas.

To, ga abin da muke so kowa ya gane. Yawancin abin da ke cikin littafin nan yana tsakar gidanku, yana bakin rijiya, yana maƙera. Gani ya kori ji. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

RANDA DA TUKUNYA

Darasin farko ya ce abu yana da hali uku: mai tauri, mai gudu kamar ruwa, da mai tashi kamar iska. Ruwa yana nuna ukun duka. In sanyi ya kai digiri 0, ya zama ƙanƙara. In zafi ya kai digiri 100, ya tafasa, ya zama tururi. Ɗaga murfin tukunyar tuwo, za ka ga ɗigon ruwa a jikinsa. Tururi ne ya taɓa wuri mai sanyi, ya koma ruwa. Haka hadari ke yi a sama.

Don me ruwan randa ya fi na bokitin roba sanyi? Jikin randa yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ruwa na tsattsafowa ta nan, iska na busar da shi. Ruwa kuwa ba ya bushewa sai ya ɗebi zafi, kuma daga cikin randar yake ɗibarsa. Shi ya sa salkar makiyayi ke sanyaya ruwa, shi ya sa gumi ke sanyaya jikin mai noma. Wani malami na jihar Jigawa a Najeriya, Muhammad Bah Abba, ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen rairayi tsakaninsu, don ajiye kayan miya. Wannan dabara ta jawo masa kyautar Rolex a shekarar 2000. Darasin aji ne ya mai da shi abin amfani.

TIYA DA SIKELI

Yara da yawa suna rikita girman wurin da abu ya cika da yawan kilonsa. A kai su kasuwa. Tiya tana auna wuri ne, sikeli kuwa kilo yake aunawa. Tiyar gero da tiyar dusa girmansu ɗaya, amma ɗauki kowace ka ji. Gero ya fi dusa cunkushewa. Wannan cunkushewa ita ce darasin: a raba kilo da lita, a sami amsa.

Ruwa shi ne magwaji. Lita 1 ta ruwa kilo 1 ce. Jarkar lita 25 da yarinya ke ɗaukowa daga rijiya, kilo 25 ke kanta, ban da ita kanta jarkar. Lita 1 ta man gyaɗa kuwa ba ta kai kilo ba, kusan giram 900 ce. Don haka mai ke tasowa bisa ruwa, man shanu ke tasowa in an kaɗa nono, dutse kuwa ya nutse.

Ga lissafin da zai amfani kowane manomi. A wasu garuruwan yankin Dakwaro akwai ma'aunin ruwan sama. In an ce an sami milimita 1, ma'anarsa lita 1 ta zuba bisa kowane fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1. Hekta tana da irin wannan fili 10,000. To in an yi ruwan milimita 20, hekta ɗaya ta sha lita 200,000, wato tano 1,000 mai cin lita 200. Uba, in an faɗi adadin ruwa a rediyo, sa ɗanka ya lissafa maka na gonarka.

BAKIN RIJIYA

Mutanen kwarin Tarka ba sai an gaya musu wuyar jan ruwa ba. Nan ne darasin ƙarfi yake.

Littafi ya raba abu biyu da mu duka muke ce wa nauyi. Akwai yawan jikin abu, da kilo ake auna shi. Akwai kuma ƙarfin da ƙasa ke jan abu da shi, wannan da niyuton ake auna shi. Ƙa'idar ita ce P = m × g. A lissafin kwalej ana ɗaukar g kusan 10, wato kowane kilo ƙasa na jansa da niyuton 10. Da za a kai buhun gero duniyar wata, kilonsa ba zai ragu ba, amma jan zai koma kashi ɗaya cikin shida.

A ce guga na cin lita 40, rijiya kuma zurfinta mita 50. Ruwan kilo 40 ne, nauyinsa niyuton 400. Aikin da aka yi shi ne ƙarfi sau nisa: 400 × 50, ya ba da jul 20,000 a kowane guga. Yaro ya ƙirga guga nawa garke ke sha, ya san aikin da sa ko raƙumi ke yi a yini.

Sai ƙafar katakon nan mai juyawa da igiya ke bi ta kanta, wadda littafi ke kira puli. Tambaya ce da ake yawan yi: puli guda da aka kafe yana rage nauyi? A'a. Hanyar ja kawai yake sakewa. Maimakon a ja sama, sai dabba ta ja gaba. Abin da ke rage ƙarfi shi ne dogon hannu, kamar na jigo, ko sandar da ake sa wa ƙarƙashin dutse a ɗaga shi. In hannun ya ƙara tsawo, ƙarfin da ake bukata ya ragu, amma nisan da hannu zai yi ya ƙaru. Ba a samun aiki kyauta.

TOCILA

A buɗe tsohuwar tocila. Batir ɗaya bolt 1.5 ne. In an jera biyu, kan wannan a gindin wancan, sun zama bolt 3. In an juya guda, ba haske. Lantarki ba ya tafiya sai hanyarsa ta zagayo ta haɗe, makunni kuwa yanke hanyar yake yi ko ya haɗa ta.

Da batir, da ƙwan fitila, da guntun waya biyu, yaro zai gwada kayan gida. Ya sa cokalin ƙarfe tsakanin wayoyin, ƙwai ya kama. Ya sa kara ko roba, bai kama ba. Ya ga mai ɗaukar lantarki da marar ɗauka ke nan.

Ƙa'idar da ba a shiga jarrabawa ba tare da ita ba ita ce U = R × I. U shi ne bolt, I shi ne yawan lantarkin da ke wucewa, da amfa ake auna shi, R kuwa tsaurin hanya ne, da om ake auna shi. In bolt 3 ne, tsaurin om 6, a raba 3 da 6, a sami rabin amfa. Mai cajin tarho da farantin hasken rana a kasuwa, da wannan ƙa'ida kayansa ke aiki.

Gargaɗi: da ƙaramin batirin tocila kaɗai za a yi wannan gwaji. Ruwan babban batir asid ne mai ƙarfi, yana cin fata, yana makantarwa.

MADAFA DA MAƘERA

Uwa, ke ce malamar shimi ta farko. Kina sheƙa, kina tankaɗe, kina rege tsakuwa, kina tace gasara. Duk wannan shi ne darasin rarrabe abubuwan da suka gauraya. Gishirin da ya narke cikin ruwa bai ɓace ba. A shanya ruwan a faranti, ya bushe, gishiri ya fito.

In miyar yakuwa ta cika tsami, me kike sa mata? Kanwa. Littafi na kiran masu tsami asid: lemun tsami, tsamiya, nono mai tsami. Kishiyoyinsu kuwa baz: kanwa, ruwan toka, sabulu. In sun gamu, ɗaya na kashe ƙarfin ɗaya. Ma'auninsu ana ce masa pH, daga 0 zuwa 14. Ruwa mai tsabta yana kan 7. Ƙasa da 7 asid ne, sama da 7 baz ne.

Ga gwaji marar tsada. A jiƙa zoɓo, a zuba ruwansa cikin kofin shayi uku. Na farko a bar shi. Na biyu a matsa masa lemun tsami, ja zai ƙara fitowa. Na uku a ɗiga masa ruwan kanwa, zai juye ya yi duhu, ya koma wajen kore. Yaron da ya ga haka da idonsa ba zai manta ba.

Daga nan sai maƙera. Don me maƙeri ke zuga wuta? Cikin kashi 100 na iska, kusan 78 azot ne, 21 oksijin. Oksijin shi wuta ke ci. Gawayi ya gamu da shi, su ba da iskar da ake rubutawa CO2: C + O2 → CO2. An ƙone damin itace, an sami ɗan toka. Ina sauran? Bai ɓace ba, ya tashi sama ya zama iska da tururi. Tsatsar hauya ma aikin oksijin ce, in ya sami laima. Shafa mai na tsare ƙarfe.

In iska ta yi kaɗan, gawayi na fid da wata iska, CO, marar launi, marar wari, mai kisa. Lokacin ɗari kada a kwana da garwashi cikin ɗaki rufe. Wannan darasi ya fi maki, rai yake ceto.

A duba buhun takin zamani kuma. In an rubuta 15-15-15, lambar farko ta azot ce: kashi 15 cikin 100. Buhun kilo 50 yana da azot kilo 7 da rabi. Farin takin nan, ure, kashi 46 gare shi, wato kilo 23 a buhu. Ɗan kwalej ya kamata ya iya bayyana wa ubansa wannan kafin a fid da kuɗi.

NAMU SUN YI

Kada yaro ya ce wannan ilimi na Turawa ne. Abdu Mumuni, babban masanin fizik, a Tasawa aka haife shi a 1929. Daga 1969 ya shugabanci ONERSOL, ma'aikatar binciken ƙarfin rana, inda aka ƙera na'urorin dafa ruwa da na girki masu aiki da rana. Ya rasu a 1991, kuma tun 1992 jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa. Ɗan Dikko Ɗankulodo, masanin shimi, haifaffen Maraɗi ne a 1934. Ya riƙe ministan ilimi a zamanin Diori Hamani, yau kuma jami'ar Maraɗi sunansa take amsawa. Dukansu ƴan jaharmu ne.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Ku ƴan makaranta, ba a fafe gora ranar tafiya. Ku fara yanzu. Ku haɗu uku ko huɗu, kowace rana darasi guda. Kowa ya bayyana darasin da harshen gida, Hausa ko Fulatanci ko Buzanci, sannan ya rubuta shi da Faransanci. Abin da ka kasa bayyana wa kakarka, ba ka gane shi ba tukuna. Ku roƙi malamanku tambayoyin shekarun baya, ku yi su da alƙalami, ba da ido ba. Kada ku rubuta lamba tsirara. Ku sa mata ma'auninta: kilo, lita, niyuton, bolt. Nan ake zubar da maki a banza.

Ku iyaye, ba sai kun iya boko ba. Ku ba yaro awa biyu kowace rana da ba aike, ba kiwo. Ku bar masa fitila da dare. Yarinya mai jarrabawa a rage mata rijiya da daka, ƴan uwa su taimaka. In ruwan shuka ya sauka kafin jarrabawa, kada a janye ɗalibi daga aji. Shuka ta kwana biyu ce, a nemi gayya. Shi kuwa shekara huɗu ya yi yana noman wannan gona, ga ta ta kusa nuna.

Da dare bayan tuwo, kira ɗanka, ka nuna masa randa, ka ce ya gaya maka abin da ya sa ruwanta ke sanyi. In ya amsa, bita ta kama hanya. In ya yi shiru, gobe ya kai wa malaminsa tambayar.

Allah ya ba yaranmu sa'a, ya ba mu damina mai albarka.