Kada A Yi Gaggawar Narkar Da Zinariyar Gado

A Boɗinga da Shagari, bisa hanyar Sakkwato zuwa Tambuwal, kamar sauran ƙasar Hausa, in an zo rabon gado aka tarar da sarƙa ko warwaro na zinariya, akan kai wa mai sikeli ya auna, a raba kuɗi. Nauyi kaɗai ake biya, aikin hannu kuwa sai ya ƙare a wutar maƙeri.

To, daga cikin kayan nan akwai waɗanda aka ƙera tsakanin 1945 da 1970, ko a hannun maƙeran fari na gida, ko waɗanda fatake da alhazai suka zo da su. A zamanin nan ne waɗansu maƙeran Turai da Amurka suka rage yawan zane da duwatsu, suka koma ga siffa mai sauƙi, watau su bar zinariya ta nuna kyanta da kanta. Andrew Grima na Landan, wanda ya sami lambar yabo ta Duke na Edinburgh a 1966, ya yi suna wajen barin fuskar zinariya da kaushi da gangan. Irin wannan ƙira yanzu masu tara kayan tarihi suna sayenta fiye da kuɗin nauyinta.

Abin da ke jawo narkarwa shi ne tsada. Daga 1934 zuwa 1971 gwamnatin Amurka ta tsayar da kuɗin oza ɗaya a kan dala 35, amma a 2020 ya haura dala 2,000.

Saboda haka, malamai, ku da ake kira ku rubuta lissafi ran rabon gado, ku duba abu uku. Na fari hatimi: 916 na nufin karat 22, 750 kuwa karat 18. Na biyu mahaɗi, gama maƙerin kirki ba ya barin tabon liƙi. Na uku asali: a tambayi tsofaffi wanda ya ƙera, da inda aka saya, a rubuta.

In magada sun yarda, sai a yi wa abin kuɗi, ɗaya ya ɗauka ya biya saura haƙƙinsu. Ba a tauye kowa ba, aikin kuwa ya tsira. Zinariya ana iya sake sayenta, amma maƙerin da ya rasu ba ya sake ƙira. Allah ya sa mu gane.